Baƙin dutse, farin sama: yadda ake ɗaukar hoton Edinbara

Edinbara, babban birnin Sikotland, da dutsen yashi aka gina ta, kuma hayaƙin kwal na shekaru aru-aru ya bi gine-ginen ya rine su da kunkunniya. Hasumiyar Scott da ke kan titin Princes, mai tsawon mita 61, baƙa ce ƙirin har gobe. A saman wannan duhu kuma akwai sarari mai haske wanda ba ya yin minti goma a kama ɗaya. Idon mutum yana haɗa biyun ba wahala, amma kyamara sai ta zaɓi ɗaya: ko ta ba ka gini mai kyau da sama fara fat babu komai a cikinta, ko ta ba ka gajimare mai kyau da gari baƙi wuluk. Yawancin hotunan garin da suka lalace a nan suka lalace, kuma tsadar kyamara ba ta hanawa. Abin da ke hanawa shi ne ka san inda rana za ta kasance a watan da ka zo da sa'ar da ka fito, sannan ka zaɓi wurin tsayuwa.

Garin yana kan digiri 56 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Kano tana kan 12. A ranar 21 ga Disamba rana tana fitowa wajen ƙarfe 8:40 na safe ta faɗi wajen 3:40 na yamma, wunin bai cika awa bakwai ba, kuma ko da tsaka ba ta tashi sama da digiri 11. A ranar 21 ga Yuni tana fitowa tun kafin ƙarfe 4:30 na asuba, ba ta faɗuwa sai bayan 10 na dare, da tsaka kuma tana kaiwa digiri 57. Wato ƙololuwar da ranar Edinbara take kaiwa a shekara, kusan nan ne ranar Kano take tsayawa da tsaka a lokacin da ta fi yin ƙasa. Wanda ya saba a gida cewa hasken hoto na kirki da hantsi ne da la'asar sakaliya, daga nan sai a ajiye kyamara, to a nan lissafin ya canza. Daga Nuwamba zuwa Janairu, in dai rana ta leƙo, wunin gaba ɗaya la'asar sakaliya ce: haske mai ɗumi yana zuwa daga gefe, inuwa doguwa, kowane tsagi na jikin dutse ya fito. Illarsa ita ce lungunan tsohon gari, waɗanda gidaje masu hawa shida ko bakwai suka yi wa katanga, ba sa ganin rana ko kaɗan a watannin nan.

Inda take fitowa da inda take faɗuwa ma yawo suke yi sosai. A tsakiyar Yuni daga arewa maso gabas take fitowa, wajen digiri 43 a kamfas, ta faɗi a arewa maso yamma, wajen 317. A Disamba daga kudu maso gabas take fitowa, wajen 134, ta faɗi a kudu maso yamma, wajen 226. Tazarar digiri 90 ke nan tsakanin faɗuwar Yuni da ta Disamba. Shi ya sa mutum zai ga hoton faɗuwar rana a bayan fada, wato Edinburgh Castle, tsohuwar fadar sarakuna da ke kan dutse a tsakiyar garin, ya burge shi, ya je daidai inda aka ɗauka a watan Yuli, ya tarar rana tana faɗuwa can hannun damansa, bayan fada kuwa toka-toka. Manhajoji irin su PhotoPills da The Photographer's Ephemeris suna zana layin fitowa da faɗuwa a kan taswira na kowace rana, kuma minti biyar da za ka yi kana dubawa ya fi maka hawan tsauni a banza. A lura da agogo kuma: daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba lokacin Birtaniya daidai yake da na Najeriya da Nijar, sauran watannin yana baya da awa ɗaya. Agogon cikin kyamara ba ya gyara kansa, sai an gyara shi.

Calton Hill

In wuri ɗaya kawai za ka iya zuwa, ka je nan. Tudu ne mai tsayin kusan mita 100 a gabashin titin Princes, hawan minti biyar zuwa goma ta matakalar Waterloo Place. A kansa akwai ginshiƙai 12 na National Monument, wanda aka fara a 1826 da niyyar kwaikwayon Parthenon, tsohon haikalin birnin Atina na Girka, kuɗi ya ƙare a 1829 aka bar shi haka. Akwai hasumiyar Nelson, akwai kuma ɗan zagayayyen ginin tunawa da Dugald Stewart na 1831, wanda shi ne ake sakawa a gaban hoton da kowa ya sani: shi a gefe, agogon otal ɗin Balmoral da fada a nesa.

Daga nan fadar tana kudu maso yamma, wajen digiri 236, nisan kusan kilomita 1.3. Saboda haka rana tana faɗuwa a bayanta ne wajen Nuwamba, da kuma ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu. Titin Princes kuwa ya fi karkata yamma kaɗan, rana tana sauka a ƙarshensa wajen ƙarshen Fabrairu da tsakiyar Oktoba, sai titin tarago da rufin bas-bas su ɗauki ƙyalli. Da safe labarin daban ne. A Disamba rana tana fitowa ta bayan tsaunin Arthur's Seat in kana Calton Hill, don haka inda kake tsaye zai daɗe a inuwa, alhali fada can ta riga ta kama haske. Wannan ɗan lokacin, gaba da duhu nesa da haske, a ganina ya fi faɗuwar ranar da ake rububi kyau, kuma ba za ka tarar da cunkoso ba.

Madubin kyamara, wato lens, mai milimita 35 zuwa 50 ya isa ga hoton da aka saba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaura faffaɗan madubi mai 16 ko 20 don a kwashe komai, sai fada ta koma ɗan ɗigo, rabin hoton ciyawa ce. In kana da dogon madubi mai 70 zuwa 200, ka matsa gefen kudu maso yamma na tudun ka matse titin Princes: agogon Balmoral, tsinin hasumiyar Scott da fada su taru kamar suna jingine da juna. Wani abu game da agogon nan: da gangan ake sa shi gaba da minti uku don matafiya kada jirgin ƙasa na tashar Waverley ya tafi ya bar su, ranar 31 ga Disamba kaɗai ake saita shi daidai. Kada ka yi lissafin haske da shi.

Almuru a nan dogo ne. A ƙasar Hausa rana na faɗuwa, minti ashirin da 'yan kai duhu ya fara shiga. A Edinbara shafaƙi yana ɗaukar kusan minti 45 a Disamba, kusan awa guda a Yuni. Lokacin da ya fi dacewa da hoton fitilu shi ne minti 20 zuwa 40 bayan faɗuwar rana, sa'ad da hasken sama ya ragu har ya yi daidai da na fitilun fada da na titi. Kafin nan fitilu ba sa fitowa, bayan nan sama ta zama baƙa kuma gefen gine-gine ya ɓace a cikinta. Ka kafa ƙafa-uku, wato abin ɗora kyamara, ISO (yawan jin hasken kyamara) 100, ƙofar haske f/8 zuwa f/11, shota (tsawon lokacin da haske ke shiga) daƙiƙa 10 zuwa 20. Bas masu hawa biyu su ne ke ba da layukan wuta masu tsayi, don haka ka jira biyu ko uku su taso daga fitilar ba da hannu kafin ka danna. Kada ka ƙuntata ƙofar ta wuce f/16 don neman fitilu su yi tartsatsi, hoton gaba ɗaya zai rasa kaifi.

Fuskar fada biyu

Fadar tana kan toshiyar wani tsohon dutse mai aman wuta, kusan mita 130 sama da teku, kuma baƙi yawanci daga titin Princes suke fara ganinta. Wannan fuskar arewa ce. Rana kuwa kudu take bi, saboda haka daga nan kusan kullum fada tana cikin inuwarta, rana tana bayanta tana dukan madubinka. Hoton da ake ɗauka a gaban maɓuɓɓugar Ross, wadda aka sake wa fenti a 2018, da tsakar rana ba ya yin kyau saboda wannan dalili. Fuskar arewa tana samun haske kai tsaye ne daga Afrilu zuwa Agusta, da sassafe ko can da yamma liƙis. In ba a lokacin ka zo ba, ka jira ranar da gajimare ya rufe ko ka jira almuru.

Fuskar kudu ita ce mai rana. Daga dandalin Grassmarket ka hau matakalar lungun da ake kira Vennel, ka juyo in ka kusa kai wa sama. Matakala da fitilun bakin hanya su ja ido zuwa fada. Hoto a tsaye ya fi dacewa, madubi 35 zuwa 50. Abin da ke ɓata hoton nan shi ne ɗaga bakin kyamara sama, sai gidajen gefe biyu su sunkuyo ciki. Ka ƙara hawa har kyamara ta tsaya a miƙe, ko ka bar fili a gefe-gefe don in ka gyara karkatar a kwamfuta kada a yanke maka rufin gini. Rufin gidan tarihi na National Museum of Scotland a titin Chambers shi ma yana kallon fada da tsohon gari daga wannan ɓangaren, shiga kyauta ne, sai dai da yamma ake rufewa, don haka a watannin sanyi kawai zai ba ka hasken faɗuwar rana. Babban masallacin garin, wanda aka buɗe a 1998, yana Potterrow, tafiyar 'yan mintuna daga nan. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne a Disamba, lokacin da la'asar take shiga wajen 1:30, magariba kuma tun kafin ƙarfe 4, mafi kyawun hasken wunin yana tsakaninsu.

Kalanda ma tana sa hannu. Saboda bikin faretin sojoji na Tattoo da ake yi a Agusta, ana kafa manyan kujerun ƙarfe a filin ƙofar fada, kuma kafawa da kwancewa suna cin watanni kafin bikin da bayansa. Daga gabas da kudu za su shigo maka hoto. Daga Nuwamba zuwa farkon Janairu kasuwar Kirsimeti da babban lilo suna cika gefen hasumiyar Scott. Ranar 30 ga Afrilu da dare ana bikin wuta na Beltane a Calton Hill, sai da tikiti ake hawa. Igwar fada kuma tana tashi ƙarfe 1 na rana tun 1861, ban da Lahadi da ranar Kirsimeti da Juma'ar Ista. Mai son kama hayaƙinta ya saita shota a 1/1000 na daƙiƙa ya fara ɗauka a jere daƙiƙa biyu kafin lokacin, domin in ka jira ka ji ƙarar ka makara.

Awon haske

Ƙa'idar ita ce ka auna don sama, ka ceto gini daga baya. Farin da ya ƙone ba ya dawowa, amma duhu yana ɗagowa. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka kunna gargaɗin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙiftawa, ka rage haske har gajimare ya daina ƙiftawa, yawanci kashi biyu cikin uku na mataki zuwa mataki guda (mataki guda shi ne ninka haske ko raba shi biyu). Kyamarorin yanzu a ISO 100 suna jure ɗaga inuwa mataki biyu zuwa uku ba tare da hoto ya yi tsakuwa-tsakuwa ba. In rana tana cikin hoton, wannan ba zai isa ba: ka ɗauki uku a kan ƙafa-uku, ɗaya ƙasa da mataki biyu, ɗaya daidai, ɗaya sama da mataki biyu, ka haɗa su. Filtar nan mai rabi duhu rabi fari, wadda take aiki a bakin teku, ba ta da amfani a tsohon gari, domin layin sama a nan duk tsinin coci ne da hasumiya, za ta baƙanta kawunansu ta bar gindinsu. Mai waya ma haka zai yi: ya taɓa sama a allo, ya ja hasken ƙasa kaɗan, ya goge madubin wayar kafin kowane hoto.

Wajen gyara, a yi hattara da ɗaga inuwa har dutsen ya koma fari. Baƙinsa shi ne kamanninsa. Hoton Edinbara da aka wanke har hasumiyar Scott ta yi launin ƙasa, ga wani farin zobe ya zagaye kowane gini, bai yi kama da garin ba.

Filta mai kashe ƙyalli tana taimako a kan jiƙaƙƙen ganye da rufi, tana kuma ƙara wa shuɗin sama zurfi in rana tana gefenka. Amma tana cin haske kusan mataki biyu, a kan faffaɗan madubi tana barin tabon duhu a gefe ɗaya na sama, kuma in ka juya ta har ƙarshe za ta kashe maka ƙyallin jiƙaƙƙen daɓen dutse na titin Victoria da Circus Lane, wanda shi ne ya kawo ka. Tana iya share bakan gizo ma gaba ɗaya. Bakan gizo ba ya bayyana sai rana tana ƙasa da digiri 42, a nan kuwa daga farkon Satumba zuwa farkon Afrilu ba ta taɓa wuce hakan. Kowace sa'a ta wuni zai iya fitowa. Da zarar yayyafi ya wuce rana ta leƙo, ka ba ta baya ka duba.

Ruwa, iska da hazon teku

Ruwan saman Edinbara bai kai yadda ake zuzutawa ba, wajen milimita 700 ne a shekara, Gilasgo da ke yamma ta fi ta nesa ba kusa ba. Sai dai a rarrabe yake zuwa, kaɗan-kaɗan, kowane wata. Iska galibi daga kudu maso yamma take kaɗawa, tana koro yayyafi rukuni-rukuni, tsakaninsu sarari. Irin wannan ranar ita ce ranar hoto. Sama shuɗiya tas ba ta ba da komai a kan baƙin gini, rufaffen gajimare mai launi ɗaya ma haka, amma bayan hadari ya wuce gabas, rana ta haska gini a gaban baƙin gajimare, minti uku ko biyar ne kuma shi ake nema. Taswirar ruwan sama ta hukumar Met Office tana nuna rukunin da ke tafe da tazarar da ke bayansa, don haka ka kasance a wurin tun ruwa bai ɗauke ba. Murfin inuwa na bakin madubi ya zauna a ɗaure, shi ke tare ɗigon ruwa. Ƙyallen gogewa biyu ko uku a aljihun ciki, domin ɗaya in ya jiƙe sai dai ya shafa.

Iska ta fi ruwa ɓarna. A kan Calton Hill da Arthur's Seat ƙafa-uku marar nauyi rawa take yi, kuma ba za ka gane ba sai ka buɗe hoton a babban allo. Kada ka ɗaga sandar tsakiya. Ka fara zaro ƙafafu masu kauri, sirara su zauna a ciki. Ka cire igiyar wuya ko ka naɗe ta, tana kaɗawa tana girgiza kyamara. In za ka rataya jaka don nauyi, ta taɓa ƙasa, in ba haka ba lilo za ta yi ta ƙara matsalar. Ka sa jinkirin daƙiƙa biyu, ka tsaya ta inda iskar ke zuwa ka tare ta da jikinka. In duk da haka tana rawa, gara ISO 800 da shota mai sauri da ISO 100 da hoto mai dishi-dishi.

Sai abin da mutanen gabar nan suke kira haar, hazon da ke shigowa daga Tekun Arewa, galibi tsakanin Afrilu da Satumba. Iska mai ɗumi da laima ce take ratsa saman ruwan sanyi, laimar ta huce ta zama hazo, iskar gabas ta turo shi cikin gari. Ba irin hazon hunturunmu ba ne mai ƙura da bushewa. Wannan ruwa ne, yana jiƙa madubi, yana ɗauke da gishiri, kuma zafin gari yana faɗuwa nan take. Kyamara tana ganin farinsa ta ɗauka haske ya yi yawa, sai ta rage, hoton ya fito toka mai datti. Ka ƙara kashi biyu cikin uku na mataki zuwa mataki guda. Saitin kaifi na kai-da-kai zai yi ta kai-kawo, ka nemi gefen wani abu mai duhu ka saita a kansa ko ka koma na hannu. Lungunan Royal Mile, babban titin tsohon gari, da maƙabartar Greyfriars da fitilun Vennel suna yin kyau a cikinsa. Amma sau da yawa hazon ba shi da kauri, kuma wanda ya hau sama zai iya fita ta kansa ya tarar da rana, fada da tsinin coci suna leƙowa daga farin shimfiɗa. In kana ƙasa ka ga faifan rana yana bayyana ta cikin hazon, alama ce bai da zurfi, ka hau.

Tsaunuka

Arthur's Seat mita 251 ne, a tsakiyar gari, ragowar dutse mai aman wuta da ya mutu shekaru kusan miliyan 340 da suka wuce. Daga fadar Holyrood, wata fada daban da ke gindin tsaunin, hawan minti 40 zuwa awa guda ne, daga tafkin Dunsapie ta gabas bai wuce minti 20 ba. Ƙafafun mutane sun goge dutsen ƙololuwar har ya yi santsi, in ya jiƙe yana kayar da mutum, kuma mai jiran almuru a can cikin duhu zai sauko, sai da tocilan ta goshi. Ra'ayina shi ne ƙololuwar ta yi tsayi da yawa ga hoton gari: daga can fada tana nutsewa cikin gidaje, ba ta taɓa sama. Saman gangaren Salisbury Crags ya fi, domin ya fi kusa kuma ya fi ƙasa. Bakinsa rami ne mai zurfin fiye da mita 40 babu shinge, kada a ja da baya ido na kan allo. Hanyar Radical Road da ke gindinsa an rufe ta a 2018 bayan wani ƙaton dutse ya rikito, in ka tarar da shinge kada ka tsallaka. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuma ba a tayar da shi a dajin da ke kewaye da tsaunin ko a fada sai da izinin hukumar Historic Environment Scotland.

Blackford Hill, mai mita 164 a kudancin gari, shi ne wurin da baƙi ba su cika zuwa ba kuma ya fi cancanta. Arewa kake kallo, rana galibi tana bayanka ko gefenka, fada tana nisan kusan kilomita 3, bayanta ruwan Forth da tuddan Fife. Madubi 200 ko fiye ake so. A Afrilu da Mayu wata ƙaya mai furanni rawaya tana rufe gangaren, ta ba ka abin sakawa a gaba.

Nan ne kuma wurin sararin dare. Daga farkon Mayu zuwa farkon Agusta dare ba ya yin duhu sosai a Edinbara, a tsakiyar Yuni rana ba ta nutsewa fiye da digiri 11, don haka hoton taurari sai a haƙura. A madadinsa akwai wani gajimare mai sheƙi, fari da shuɗi, wanda ke can sama wajen kilomita 80, inda rana take ci gaba da haska shi bayan ƙasa ta yi duhu. Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Agusta ake ganinsa, ƙasa-ƙasa ta arewa, wajen sha biyun dare ko biyu zuwa uku na asuba. Gane shi ba wuya: gajimaren yau da kullum baƙi ne a kan shafaƙi, shi kuwa haske yake yi. ISO 400 zuwa 800, f/2.8 zuwa f/4, daƙiƙa 2 zuwa 6. Hasken nan mai kore da ja na kusurwar arewa, orora, yana kaiwa nan in guguwar rana ta yi ƙarfi, kamar daren 10 ga Mayun 2024 da aka gan shi a faɗin Birtaniya. AuroraWatch UK na jami'ar Lancaster yana aika sanarwa. Ka nemi inda arewa take a buɗe kan ruwa, ISO 1600 zuwa 3200, f/2.8, daƙiƙa 3 zuwa 8. In ka wuce haka ginshiƙan hasken za su narke su zama shafe ɗaya. Ka saita kaifi da hannu a kan fitila mai nisa, kada ka dogara da alamar ƙarshe ta jikin madubi.

Tsaunukan Pentland suna kudu maso yamma, bas na gari yana kaiwa gindinsu. Mafi tsayinsu Scald Law ne, mita 579, amma don hoton gari Allermuir, mai 493, shi ke kallon Edinbara da gadoji ukun da ke kan ruwan Forth. A Agusta ciyawar saman tana fure shunayya. Dokar 2003 ta ba kowa damar ratsa fili da ƙafa muddin bai yi ɓarna ba, sai dai gonakin tumaki ne, a Afrilu suna haihuwa, a rufe ƙofar shinge in an wuce. A Castlelaw akwai filin harbin sojoji, in an ɗaga jan tuta ba a shiga.

Gada da teku

Gadar jirgin ƙasa ta Forth an buɗe ta a 1890, tsawonta kusan kilomita biyu da rabi, ƙarfenta ya haura tan 50,000, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2015. Daga Waverley zuwa tashar Dalmeny bai kai minti 20 ba, sai ka gangara South Queensferry. Gadar daga kudu ta miƙe arewa, saboda haka in kana tashar jiragen ruwa ta garin, yamma da ita, hasken yamma ne ke kunna jan fentinta, fitowar ranar Yuni kuma ta bayanta take. Jirage suna wucewa a kai a kai, 1/250 zai tsayar da su. Don ruwa ya kwanta sumul sai baƙar filta mai mataki 10, wadda ke mayar da 1/60 ya zama kusan daƙiƙa 16. Ka tsara hoton ka saita kaifi kafin ka ɗaura ta, ka kashe saitin kai-da-kai, ka toshe tagar leƙe in kyamararka mai madubin ciki ce, in ba haka ba haske zai sato ta nan ya bar shunayyar tabo a tsakiya.

Ruwan nan yana cikowa yana janyewa, bambancin yakan kusa mita 5, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana. In ya janye, gaban gadar taɓo ne da ciyawar teku. In ya cika, hoton ya fi tsabta. A Cramond kuwa maganar ta wuce ta kyau. Wata hanya mai tsawon fiye da kilomita ɗaya tana zuwa tsibiri, gefenta jerin ginshiƙan kankare da aka kafa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don tare jiragen ruwan abokan gaba, kuma masu hoto suna sonsu sosai. Ana iya ratsawa ne kusan awa biyu kafin ruwa ya gama janyewa da awa biyu bayan haka, allon da ke bakin hanyar yana ɗauke da lokutan kowace rana. Ruwan yana dawowa da sauri kuma ta gefe yake zagayowa, jirgin ceto na Queensferry ya sha kwaso waɗanda ya rutsa da su. Hoton ginshiƙan da ruwa ya kai musu ƙugu daga bakin gaɓa ake ɗaukarsa da dogon madubi, ba sai an taka hanyar ba. Bayan an dawo a wanke ƙafafun ƙafa-uku da ruwan famfo, gishiri da yashi suna cinye makullansu.

Sanyi yana shanye batir, don haka na biyu ya zauna a aljihun da ke jikinka. Kuma kafin ka shiga shagon shayi ko masauki daga waje, ka zare katin memori, ka sa kyamara cikin jaka ka zuge, ka bar ta minti 30 zuwa awa guda. In ka fito da ita da sanyinta cikin ɗaki mai ɗumi, raɓa za ta kwanta a kan madubi har cikinsa, ta waje tana goguwa, ta ciki kuwa sai ta ga dama ta bushe, kuma in abin ya yawaita fumfuna ce take biyo baya.